Ranar da Aka Gwada Ƙirjin Mai Nasara

Sunansa na yanka Iliyasu, amma ban taɓa jin an kira shi da shi ba sai a bakin liman, ranar ɗaurin aurensa da ranar da aka yi masa sallah. Kowa Mai Nasara yake cewa. Ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, taubasai ke nan. Ya girme ni nesa, har ya goya ni ina ƙarami, amma wasan taubasai ya ba ni bakin faɗa masa abin da ƙanensa na ciki ɗaya ba zai iya ba, ni kuwa ban bar wannan dama ta lalace ba.

Garinmu, Garin Amani, yana kan hanyar rairayi tsakanin Tasawa da Attantane. Ni Auta na yi lakwal, makarantar boko, har na leƙa kwaleji a Tasawa, kafin mushe, malaminmu, ya ce bakina ya fi kaina gudu, ya nuna mini ƙofa. Tun daga nan rabina yana tasha ina cika motoci, rabina yana gida ina cin tuwon mutane. Shi Mai Nasara ko inuwar lakwal bai taɓa zama ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa kamar an saro su daga gindin gawo. Da damina noma, da rani haƙar rijiya da yasarta, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Rijiyoyin wajenmu zurfi gare su. In ka leƙa, ruwan can ƙasa bai fi ƙwayar idon kaza ba.

Sunan kuwa a gayya ya same shi. Danda makaɗin noma ya yi masa take tun yana saurayi, ranar da ya fita ƙarshen gona ya baro sauran samari a tsakiya suna haki. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ɗauka take abin nishaɗi ne. Mu mun san nauyinsa. In makaɗi ya ɗauko takenka kana riƙe da hauya, ba ka miƙe baya, ba ka shan ruwa, ba ka share gumi, sai ya sauke gula da kansa. Wanda ya tsaya takensa na tafiya, makaɗi ya janye ya ba wani, ƴan mata su sa shi a waƙa, ƴaƴansa su gaji abin faɗi. Na Mai Nasara ba a taɓa janye shi ba.

Akwai tudun rairayi tsakanin gari da gonarsa. Daminar da ta gabaci shekarar fari, na lura duk sanda muka hau tudun nan sai ya tsaya a tsakiya, ya duƙa, ya ce ƙaya ta soke shi. Ya daɗe yana tonon tafin ƙafa, kai a ƙasa, hannun hagu manne da haƙarƙari. Ƙafar da ko ƙusa sai ta yi shawara kafin ta shige ta. Na ce masa wannan ƙaya budurwarsa ce, tunda kullum wuri ɗaya suke haɗuwa, kuma sai na gaya wa Zara'u matarsa. Ya ce da ina zuwa gona da na san ƙaya, amma ɗan tasha bai san komai ba sai roƙon taba. Muka yi dariya. Da ya miƙe na ga leɓensa ya yi toka.

Sai shekarar nan ta zo. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, iska ta kakkarya shi. Aka share rumbuna har ƙasa. Iyakar Najeriya a rufe, masu zuwa cin rani suka rasa inda za su nufa, sai zama gindin katanga ana kallon juna. Makiyaya suka gangaro daga arewa da abin da ya rage musu, shanun suna faɗuwa a bakin hanya, ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi in ka kore su. Mata suna jiƙa ƴaƴan anza na daji su zubar da ruwan, su sake jiƙawa, don ɗacin ya ragu a samu abin ba yara. Rijiyar gari ta ja baya, guga ya koma fitowa da laka. Mulki na soja ne, ba a cewa yunwa da ƙarfi. Sai dai ka ce shekara ta yi wuya. Wanda ya ce yunwa a tasha, ana iya kai shi inda za a nuna masa ta gaske.

Ana cikin haka wata proje ta masu agaji ta zo da kamiyo, babbar motar kaya, da siminti, da buhunan jar dawa, za a ƙara wa rijiyarmu zurfi. Ladan aiki abinci ne. Masu shiga ƙasa su haƙa su ke da babban rabo, wanda zai riƙe gida. Masu jan igiya a sama, nasu ba ya kai yara ƙarshen mako. Kuma an ce wani ya mutu a ƙasan rijiya a wani gari, don haka umarni ya zo daga sama cewa ba mai shiga sai manjo, babban ma'aikacin asibiti, ya gwada ƙirjinsa.

Kwana ɗaya kafin gwajin Zara'u ta kira ni bayan rumbunsu da rana tsaka. Ta ce taubashina ya daina kwanciya a miƙe, sai dai ya jingina da bango. Ta ce in ya ɗaga tulu sai ya ajiye ya riƙe kafaɗar hagu, ya ce sanyi ne. Ta yi masa magana kan rijiyar, ya ce in bai shiga ba wa zai shiga, kuma me yaran za su ci. Na so in yi mata wasa, na ce ashe tsohuwa har yanzu ba ta son mijinta ya yi nisa ko da zuwa ƙasan rijiya ne. Ba ta yi dariya ba.

"Auta, kai ka san faransanci," in ji ta. "Ka gaya wa likitan nan kada ya bar shi ya shiga. Mu ci anza tare da shi, na yarda."

Manjon sunansa Maharazu, ɗan birni ne, siriri, idonsa ja don gajiyar hanya. Ya zo da soja guda mai bindiga, suka zauna ƙarƙashin icen dogon yaro na lakwal, aka fito da benci ɗaya daga aji. Ya tara mu ya yi bayani. Ya ce zuciya mai ciwo tana iya ɓoye ciwonta in mutum na zaune, sai an sa ta aiki take tona kanta. Ya ce a manyan birane akwai keke mai wayoyi da ake hawa ana duba bugun zuciya, amma mu nan benci muke da shi. Kowa zai hau ya sauka, ya hau ya sauka, shi kuma zai taɓa jijiyar hannu kafin a fara da bayan an gama, ya saurari ƙirji da robar kunnensa. Abin da ya fi nanatawa shi ne, duk wanda ya ji ƙirjinsa ya matse, ko numfashi ya ƙi, ko kafaɗa ta ɗauki zafi, ya tsaya nan take ya faɗa. Ya ce tsayawar nan ita ce gwajin, kuma ba abin kunya ba ce.

Na lallaɓa kusa da shi na zuba masa faransancina na tasha, na nuna masa Mai Nasara da haɓa. Ya amsa mini da Hausa, don in san matsayina. Ya ce ba garin da ya je da ba a raɗa masa cewa ƙirjin wane ba shi da lafiya ba, kuma galibi mai raɗar wurin wanen yake so. Ya ce ga soja yana kallo, ba zai cire mutum da maganar taubashi ba.

"In gaskiya ka faɗa, benci zai nuna," ya ce. "Mai wannan ciwo ba ya jurewa. Da kansa zai tsaya."

Aka fara. Mutanenmu ba wawaye ba ne, kowa ya gane cewa in ka hau a hankali ba ka haki. Na farko ya ɗaga ƙafa kamar hawainiya, ya tsaya a sama yana duban gari, ya sauko kamar mai tsoron farkar da jariri. Na biyu ya fi shi natsuwa. Manjo yana tafa hannu don su yi sauri, suna kallonsa kamar ba su ji ba. Soja ya fara tsaki. Sai sarkin samari, mai son a ga ƙoƙarinsa gaban hukuma, ya ce ai gari na da makaɗi, a kira Danda ya riƙe musu kiɗa ɗaya, kowa ya bi. Manjo ya ji daɗin shawarar, har ya ce da ya sani da tun garuruwan baya ya yi haka.

Mata suna tsaye bayan dangar lakwal. Na ga Zara'u lokacin da Danda ya ɓullo da ganga a kafaɗa. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta sauke da sauri kada a gani.

Danda ya rame, wuyansa kamar na gauraka. Bana ba a yi gayya ba, gangar ta saki, sai da ya shanya ta a rana ta ɗan ɗaure. Ya fara kiɗa fili, wanda ba na kowa ba, aka ci gaba. Yanzu kam gwaji ya zama gwaji. Wasu suka kai ƙarshe suna huci, wasu suka tsaya a hanya suka dafa gwiwa, manjo ya ce su koma gefe su yi igiya. Ba wanda ya yi musu dariya, tunda kiɗan ba mai shi.

Da na ga layi ya kusa kan Mai Nasara, na zaga na tsuguna kusa da Danda kamar mai neman wuta. Na ce masa Baba Danda, in taubashina ya hau ka bar shi a kan kiɗan nan na kowa. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Ya tsaya gabana, gaban gari, in buga mishi kiɗan kowa? Mi ya yi mini?"

Na miƙe na koma cikin mutane. Gaskiyarsa ce. In Danda ya ga Mai Nasara ya hana shi takensa, kowa zai ce an janye, kafin la'asar labarin ya kai Attantane.

Mai Nasara ya tuɓe riga ya ɗaura ta a ƙugu. Manjo ya riƙe hannunsa, ya saurari ƙirji, ya gyaɗa kai. Ya sa ƙafa a benci. Gular Danda ta sauka, taken ya fito, wanda rabonmu da jinsa tun ana ruwa. Tsofaffin da ke zaune suka miƙe. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa da muryar da yunwa ta cinye rabinta. Har sojan ya gyara tsayuwa yana kaɗa kai.

Da fari kamar da. Yana hawa yana sauka, bencin na ƙara, ƙura na tashi. Can sai na ga hannun hagunsa ya daina lilo, ya manne da jiki. Gumi ya keto masa, ba irin na mai aiki ba, mai sanyi, goshinsa na ƙyalli. Bakinsa a rufe gam don kada a ga haki, hancinsa na buɗewa kamar na doki. Na matsa gaba na fara abin da na iya. Na ce taubashi ga budurwarka ƙaya a kan benci, tsaya ka gaishe ta. Na ce tsoho ya isa haka, ka bar wa yara abin da za su yi. Na ce wandonka ya yage ta baya, mata na gani. Mutane na dariya, suna cewa Auta ba ya jin magana. Shi ko kallona bai yi ba. Idonsa na kan gular Danda.

Manjo ya tambaye shi ko yana jin wani abu a ƙirji. Ya girgiza kai, har da murmushi. Manjo ya dubi agogo ya ɗaga hannu alamar ya isa. Amma Danda ya rufe ido, ya shiga kirarin uban Mai Nasara da kakansa, kuma take ba a yanke shi a tsakiya. Manjo ya ce ya isa, da baki. Ba wanda ya ji shi. Mai Nasara ya ci gaba da hawa da sauka har sai da Danda ya kai ƙarshe ya sauke gula don kansa.

Samari suka rufe shi, wannan na ɗaga hannunsa, wancan na dukan bayansa. Kafin manjo ya ratsa ya kama wuyan hannunsa an ɗau lokaci. Na tsaya kusa, na ga fuskar manjon. Ya riƙe hannun ya daɗe. Ya saki, ya sake kamawa. Ya sa robar kunnensa, ya ce a yi shiru, guɗa ba ta bari ba. Ya ce bugun yana tsalle, bai gamsu ba, yana so mutumin ya huta a sake. Sarkin samari ya ce ranka ya daɗe wannan shi ne babban mahaƙin garin, in ba shi ba rijiya. Soja ya ce mutumin da ya yi ninkin na kowa bai ko buɗe baki ba, in an cire shi wa za a bari, kuma akwai gari biyu a gaba kafin rana ta faɗi. Manjo ya dubi Mai Nasara ido cikin ido.

"Baba, tsakaninka da Allah. Ba ka ji komi ba?"

"Ban ji ba, likita."

Manjo ya waiwayo ya dube ni, ya kau da kai. Ya ce ya wuce gwaji.

Na sami Mai Nasara bayan katangar aji, inda ba mai gani, ya durƙusa ya dafa ƙasa da hannu ɗaya yana kakarin amai, ba abin da ke fita. Na tsaya na kare shi da jikina. Da numfashinsa ya dawo na ce masa ashe jarumin gari a bayan lakwal yake sallah. Ya ce in rufe baki in ba shi rigarsa. Na ce me ya hana shi tsayawa, ga likita ya ce ba kunya.

"Likita baƙo ne," ya ce. "Gobe ba ya nan. Danda bai sauke ba, ni za ni sauke?"

Na ce to tunda ya ci gwaji, ya yi ƙaryar ƙafa ta gurɗe mana, ya yi igiya a sama. Ya ce rabon igiya ni kaɗai ma ba zai ƙosar ba, balle gidansa, kuma tunda bakina ya fi hannuna ƙarfi, in zo in riƙe masa igiya ko Allah ya sa in yi amfani sau ɗaya kafin in mutu. Ya miƙa mini hannu na tashe shi. Hannun sanyi ƙalau, ga rana tana dukan ƙeya.

Zara'u ba ta tambaye ni komai ba. Ta ga abin da idonta. Ranar da aka kawo buhun farko ta daka, ta yi tuwo, yara suka ci har suka yi barci a zaune, ita ba ta sa hannu ba.

Haka aka fara aiki. Kowace safiya a zaunar da shi kan sanda a bakin igiya, ya yi bisimilla, mu sassauta a hankali har ya ɓace, sai muryarsa kawai ke zuwa kamar daga cikin tulu. Ƙasan rijiya iska kaɗan ce, zafi kamar ɗakin gashi. Yana haƙa yana cika guga, ya girgiza igiya, mu ja. In ya gaji ya girgiza sau biyu a fito da shi, wani ya karɓa. Masu karɓarsa samari ne biyu da suka wuce gwaji, amma ba su san ƙasa ba, tsoron zabtarewa suke, ba sa daɗewa. Shi ke yin yawancin aikin. Ina leƙawa in yi masa tsiya, in ce ko ya sami aljana a ƙasa ne ya ƙi fitowa, ya amso da zagi, in ji sanyi a raina. Kullum in an fito da shi sai ya daɗe zaune a bakin rijiya, ya ba mutane baya, wai yana duban zoben siminti.

Wata safiya guga ya fara fitowa da rairayi mai danshi. Mutane suka taru, mata suna taɓawa suna shafa wa yara a goshi. Guga na gaba ya zo rabi. Na ce taubashi ya fara rowa. Bai amsa ba. Muka mayar da guga, muka jira girgiza. Igiya ta tsaya cak a hannuna. Na kira shi da Mai Nasara, na kira shi da sunayen banza da nake kiransa, ba abin da ya dawo sai muryata. Sarkin samari ya ce ƙila yana hutawa ne. Ba wanda ya dube shi.

Ɗaya daga cikin samarin ya shiga. Ya ɗaure Mai Nasara da rawani a jikin igiya, muka ja, nauyin ya fi na kullum. Ya fito da rai, ƙafafunsa jiƙe da laka har idon sawu, idonsa biyu, leɓensa baƙi. Aka kwantar da shi ya ƙi, ya yi alama a jingina shi. Na sa bayansa a ƙirjina. Ya ce wa saurayin da ya fito da shi kada a haƙa ta gabas, ƙasar wajen ba ta da ƙarfi. Zara'u ta iso da gudu ba mayafi. Ya dube ta, ya ce ba komai, sanyi ne.

Muka ɗora shi a amalanken jaki muka nufi Tasawa, ni da ita da mai jakin, ina riƙe da shi a zaune. Jakin ma yunwa ta ci shi, rairayi na riƙe ƙafafun amalanke, sai na sauka na tura in koma in tallafe shi. Ba mu yi rabin hanya ba ya cika a jikina, Zara'u ta ce wa mai jaki ya juya.

Samarin nan biyu suka ƙarasa rijiyar, suka bi ta yamma kamar yadda ya ce, ruwa ya fito mai daɗi. Zara'u ta ƙi shan sa. Ta riƙa ɗora bidojin ruwa a jakin gidansu tana zuwa rijiyar garin gaba, ta tafi da hantsi ta dawo rana ta karkata. Ana gab da zafin bazara jakin ya kwanta a hanya bai tashi ba. Washegari na gan ta a layin mata a bakin rijiyarmu, da tulu, yaran na bayanta. Da aka zo kanta ta zura guga, ta juya fuska gefe tana ja.